Kurakuran da ke daƙile ɗan wasan gaba a hanyarsa daga ƙananan gasanni zuwa manya

A watan Mayun 2012 Leicester City ta biya fam miliyan ɗaya ta ɗauko Jamie Vardy daga Fleetwood Town, ƙungiyar da ta lashe gasar rukuni na biyar a Ingila a waccan kakar. Shekararsa 25, kuma bai taɓa taka leda a manyan rukunai huɗu na ƙasar ba. Sheffield Wednesday ta sallame shi yana ɗan shekara 16, ya koma Stocksbridge Park Steels, inda ya yi zamanin da fam 30 ake ba shi a mako, yana haɗawa da aiki a masana'anta. Shekara huɗu bayan zuwansa Leicester ya ɗaga kofin Firimiya da ƙwallo 24 a raga.

Duk matashin da ke zura ƙwallo a ƙaramar gasa ya san wannan labari, kuma yana da kyau ya sani. Abin da ke damuna shi ne darasin da ake ɗauka daga ciki: ka dai yi ta cin ƙwallo, wata rana za a gan ka. Kowace kaka, kowane ƙaramin rukuni a duniya yana fitar da wanda ya fi kowa zura ƙwallo, amma ƙalilan ne a cikinsu ake sake jin ɗuriyarsu. Wasu rauni ne ya tsayar da su, wasu rashin rabo. Da yawa kuwa kurakurai ne da ake maimaitawa, waɗanda kuma suna da magani idan an farga da wuri.

Ƙirga ƙwallaye ba tare da duba irinsu ba

Wannan shi ne babba, kuma shi ne wanda ɗan wasa ya fi ƙin a faɗa masa. Ka ci ƙwallo 20 a kaka, madalla. To, zauna ka rarraba su. Nawa ne fenareti? Nawa ne ɗan baya ya yi santsi ya bar maka? Nawa ne gola ya kama ta suɓuce masa? Nawa ne ka tare ƙwallo, ka gyara ta, ka sake gyarawa, ka ɗaga kai, sannan ka buga, babu wanda ya taɓa ka? Waɗannan duka ƙwallaye ne, an rubuta maka su, amma mafi yawansu ba za su bi ka zuwa rukuni na gaba ba, domin kurakuran da suka haifar da su raguwa suke yi a duk matakin da ka hau. Ɗan bayan can ya fi sauri, ya fi sanin inda zai tsaya, kuma abokinsa na rufe masa baya. Daƙiƙa biyun da kake samu a nan, can rabin ɗaya ce.

Masu farautar 'yan wasa sun san haka. Abu na farko da suke yi shi ne cire fenareti daga lissafinka, tunda kusan uku cikin kowane huɗu shiga suke yi ko wa ya buga. Daga nan su duba daga ina kake bugawa, sau nawa kake samun kanka a wurin da ya dace, da taɓawa nawa kake yi kafin ka saki ƙwallo. Wanda ya ci 14 da taɓawa ɗaya a tsakiyar yadi na 18 ya fi jan hankalinsu a kan wanda ya ci 20 da rabinsu daga nesa ne.

Gyaran yana filin atisaye, kuma ba shi da daɗi. Ka nemi aboki biyu, ɗaya yana kawo ƙwallo daga gefe, ɗaya yana manne da kai yana turarka. Dokar ita ce taɓawa ɗaya. Ƙwallo ta zo ƙasa, ta zo tana tsalle, ta zo a bayanka kaɗan, ta zo ƙafar da ba ka so, duk ka buge ta yadda ta zo. Ƙafar hagu, ko ta dama idan kai bahago ne, ka ba ta rabin lokacin. Ɗan baya mai wayo minti goma ya ishe shi ya gane ƙafa ɗaya gare ka, daga nan sai ya yi ta kora ka ɓangaren da ba ka da komai. Haka bugun kai. Miroslav Klose, wanda yana ɗan shekara 19 yake buga wa wata ƙungiyar ƙauye a rukuni na bakwai a Jamus yana koyon kafinta, ya ci ƙwallo biyar a gasar cin kofin duniya ta 2002, dukkansu da ka. Ya yi ritaya da 16 a gasar, da 71 wa ƙasarsa. Ba wani mai yanka ba ne, ba kuma mai harbi daga nesa ba. Ya san inda ƙwallo za ta faɗo, ya riga kowa isa wurin.

Kada wannan ya sa a raina fenareti. Rickie Lambert ya buga wa Southampton 34 bai zubar da ko ɗaya ba, kuma koci na son ɗan wasan da zai miƙa wa ƙwallo a minti na 90 hankalinsa kwance. Ƙari ne a kan sana'arka, kada ya zama shi ne jarin.

Tsayawa jiran ƙwallo

A ƙananan gasanni ɗan wasan gaba mai suna yakan zama sarki. Yana tsaye a tsakiya hannu a ƙugu, ana yi masa aiki, idan ba a ba shi ba ya ɗaga hannu yana faɗa. Wanda ya tafi da wannan hali sama, benci zai gaje shi.

A cikin minti 90, lokacin da ƙwallo ke ƙafar ɗan wasan gaba bai wuce 'yan mintoci ƙalilan ba. Ragowar duka motsi ne ba tare da ita ba, kuma a nan ake bambanta gwani da mai sa'a. Dubi ƙwallon da Vardy ya ci Manchester United ranar 28 ga Nuwamban 2015, wadda ta sa ya zama na farko da ya zura ƙwallo a wasa 11 a jere a Firimiya, ya karya tarihin Ruud van Nistelrooy. United ce ta bugo kwana. Golan Leicester, Kasper Schmeichel, ya cafke, ya mirgina wa Christian Fuchs, shi kuma ya ja ta zuwa gaba. Duk wannan lokaci Vardy na gudu, amma bai yarda ya wuce layin 'yan baya ba. Sai da Fuchs ya shirya sakin ƙwallo sannan ya kutsa ta bayansu, ya same ta a gabansa, ya buge ta ƙasa ta wuce David de Gea. Gudun ne ya ci ƙwallon, bugun cikawa ne kawai.

Abubuwan da za ka koya a nan ƙanana ne, sai dai suna bukatar maimaici har su zama jiki. Ka tsaya a bayan kafaɗar ɗan baya, inda ba zai iya ganinka ya ga ƙwallo a lokaci guda ba. Ka fara gudu a kaikaice, kana bin layi, sannan ka karya ciki, domin gudu miƙaƙƙe shi ke jefa mutum satar gida. Idonka na kan mai ƙwallo: idan kansa na ƙasa, bai gan ka ba, ka jira, ya ɗaga kai, ka tashi. Idan za a kawo ƙwallo daga gefe, ka yi kamar za ka turke na nesa, ka dawo na kusa da gudu. Duk harbin da abokinka ya yi, ka bi shi kamar ka tabbata gola zai amayar. Sau tara ba za ka sami komai ba, na goma ƙwallo ce a banza. Ka kuma san doka sosai: idan kana daidai da abokin hamayya na biyun ƙarshe, har da gola a lissafin, ba ka yi satar gida ba, kuma babu satar gida daga jifa, ko kwana, ko bugun gola daga gida. Abin takaici ne ka ga ɗan wasan gaba yana ja da baya lokacin jifa don tsoron tutar da ba za a ɗaga ba.

Sai matsa wa 'yan baya lamba idan ƙwallo na wajensu. Kociyoyin yau ba sa ɗaukar wanda ba ya wannan aiki, komai ƙwallayensa. Kuma ka yarda a sauya maka gurbi. Kevin Phillips ɗan baya na dama ne lokacin da Southampton ta sallame shi. A Baldock Town, wata ƙaramar ƙungiya, aka mai da shi gaba, kuma a kakar 1999/2000 ya ci wa Sunderland 30 a Firimiya ya karɓi takalmin zinare na Turai. Ollie Watkins ta gefe yake bugawa a Brentford har 2019 da aka dawo da shi tsakiya, ya ci 25 a gasar rukuni na biyu, Aston Villa ta saye shi fam miliyan 28.

Tsallake matakala

Ga tayi biyu a gabanka. Ɗaya daga babbar ƙungiya mai suna, wadda ke da 'yan wasan gaba huɗu da suka fi ka. Ɗaya daga ƙungiyar da ke mataki ɗaya sama da naka, wadda ta sayar da mai ci mata ƙwallo tana neman madadinsa. Zuciya na son na farko, 'yan uwa da abokai na son na farko, wakilinka ma na son na farko saboda kasonsa ya fi tsoka. A ganina, sau da yawa na biyun ne daidai.

Ivan Toney na da shekara 19 Newcastle ta ɗauke shi daga Northampton a 2015. Wasannin da ya buga mata ba su kai a ƙirga da hannu biyu ba, bai ci ko ɗaya ba. Shekara uku ana yawo da shi aro, Barnsley, Shrewsbury, Scunthorpe, Wigan. A 2018 ya haƙura ya koma Peterborough a rukuni na uku dungurungum. Nan ya sami abin da ya rasa: koci da ya dogara da shi da wasa kowane mako. Ya ci 24 a kakar 2019/20, Brentford ta saye shi, ya ci 31 a rukuni na biyu ya hau da ita Firimiya, a 2022/23 kuma ya ci 20 a Firimiyar. Victor Osimhen ma haka. Bayan ƙwallo 10 a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2015 ya tafi Wolfsburg, bai ga raga ba ko sau ɗaya. Aron da aka ba da shi Charleroi ta Beljiyam a 2018 ne ya farfaɗo da shi da ƙwallo 20, daga nan Lille, daga nan Napoli.

Kafin ka sa hannu, ka nemi amsar tambayoyin nan daga bakin koci da kansa, ba daga bakin wakili ba. Wa ke buga gurbina yanzu, kuma shekara nawa suka rage a kwantiraginsa? Da ɗan wasan gaba ɗaya kuke bugawa ko biyu? Ta ina ƙwallo ke zuwa gaba, ta sama daga gefe ko ta ƙasa a bayan 'yan baya? Tambayar ƙarshen nan ita ce aka fi mantawa. Mai gudu da ya je ƙungiyar da abokan hamayya ke tare mata gida ba zai sami filin gudu ba. Dogo mai bugun kai da ya je inda ba a ɗaga ƙwallo zai wuni yana kallo. Lambert ya koma Liverpool a 2014, ƙungiyar da yake ƙauna tun yarinta, amma salonta na masu sauri ne, shi kuwa ba nan ƙarfinsa yake ba. Ƙwallo biyu ya ci a Firimiya, bayan shekara ɗaya ya bar ta. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Akwai kuma hanyar da matasa ba sa kallo sam, wato hawa tare da ƙungiyarka. Rashidi Yekini na Vitória de Setúbal lokacin da ta faɗa rukuni na biyu a Portugal. Ya zauna. A kakar 1992/93 ya ci 34 ta dawo rukuni na ɗaya, kaka mai bi ya ci 21 ya fi kowa a ƙasar, kuma a tsakanin nan aka zaɓe shi gwarzon ɗan wasan Afirka na 1993. Lambert ya hau da Southampton daga rukuni na uku zuwa Firimiya, Luca Toni ya hau da Palermo da ƙwallo 30 a 2004. Amfanin wannan hanya a fili yake: ka isa sama da abokan wasan da suka san gudunka, da kocin da ba sai ka gabatar masa da kanka ba.

Kishiyar wannan kuskure ma tana nan. Idan ka yi kaka biyu kana cin ƙwallo yadda kake so a rukuni ɗaya, ƙungiyar kuma ba ta da niyyar hawa, ba abin da kake ƙara koya. Ka tashi.

Firgita da shekaru

Yaro ya kai 22 bai sami babbar ƙungiya ba, sai ya ɗauka ta ƙare. Daga nan ɗayan biyu: ya jefar da takalmi, ko ya rage shekaru a takarda. Na biyun ya fi muni, domin ƙarya ce da za ka yi ta gadi har ka yi ritaya, kuma tun 2009 FIFA ke amfani da hoton ƙashin wuyan hannu wajen tantance 'yan ƙasa da 17. Ban da haka, wanda ya saba cin ƙwallo a kan yaran da ya girma, ya hana kansa koyon yadda ake cin sa'o'insa.

Gurbin gaba na daga cikin guraben da mutum ke nuna a makare, saboda sanin inda za a tsaya sai da tarin wasanni. Ian Wright na dab da cika 22 Crystal Palace ta ɗauko shi daga Greenwich Borough a 1985, ya zo ya ci wa Arsenal 185. Didier Drogba sai da ya kai 21 ya sa hannu a kwantiraginsa na farko na ƙwararru a Le Mans, yana 23 yana rukuni na biyu a Faransa. Dario Hübner ya fi kowa cin ƙwallo a rukuni na uku, da na biyu, da na ɗaya a Italiya, na ƙarshen a 2002 yana da shekara 35. Toni ya yi haka a Serie A yana 38. Lambert na da 31 ya fara buga wa Ingila a 2013, taɓawarsa ta farko ta shiga ragar Scotland.

Waɗannan ba hujja ba ce ta cewa kowa zai kai. Hujja ce ta cewa 22 ba lokacin yanke hukunci ba ne. Shi ya sa nake ganin kuskure ne matashi ya ajiye karatu ko sana'a tun bai riƙe kwantiragin da zai ci da shi ba. Charlie Austin birkila ne yana buga wa Poole Town kafin Swindon ta ɗauke shi a 2009. Sana'ar ce ke ba mutum ƙarfin cewa a'a ga mummunan tayi. Wanda yunwa ke kora, duk takardar da aka miƙo masa sa hannu zai yi.

Kakar farko a sama

Ka hau, ƙwallo ta ƙi shiga. Wasa biyar, wasa takwas. Kusan kowa sai ya ratsa wannan. Vardy ƙwallo huɗu kacal ya ci a gasar rukuni na biyu a kakarsa ta farko, har ya nemi komawa inda ya fito. Kocinsa Nigel Pearson da mataimakansa suka hana shi, kaka mai bi ya ci 16 Leicester ta lashe gasar. Kuskuren da ake yi a irin wannan lokaci shi ne sauya wasa: ka fara sauka tsakiya neman taɓa ƙwallo, ka fara harbi daga inda ba ka saba ba, ka ƙi ba abokin da ya fi ka wuri don kana son ka ci da kanka. Duk wannan nesanta ka da raga yake yi. Ka duba bidiyo ka ƙirga damarmaki. Idan suna zuwa kana zubarwa, ka ci gaba da abin da kake yi, za ta shiga. Idan ba sa zuwa sam, matsalar gudu ce ko fahimtar juna da 'yan tsakiya, sai ka zauna da su da koci a gyara.

Jiki ma na da nasa lissafin. Wanda ya saba atisaye sau biyu a mako ya koma kullum, tsokar cinya ce ke fara kuka. Barci, abinci da motsa jiki na ƙarfafa tsoka sun zama cikin aiki, ba zaɓi ba. Idan rauni ya zo, kada ka ɓoye don tsoron rasa gurbi, kada kuma ka dawo kafin likita ya sallame ka. Victor Boniface sau biyu jijiyar gwiwarsa na tsinkewa a Bodø/Glimt ta Norway, ya yi jinyarsa, ya bi ta Union Saint-Gilloise, ya lashe Bundesliga da Bayer Leverkusen a 2024. Caca kuwa, ka nisance ta gaba ɗaya. A 2023 hukumar ƙwallon Ingila ta dakatar da Toney wata takwas saboda karya dokar caca sau 232, a daidai lokacin da tauraronsa ya fi haskawa.

Takardu

A nan ne ake cutar 'yan ƙananan gasanni fiye da ko'ina, domin su ne ba su da lauya, su ne kuma suka fi ƙaguwa. Wani zai zo da hoton takardar gayyata daga wata ƙungiya, ya ce a biya kuɗin gwaji. Dokar FIFA ta haramta karɓar kuɗi don gwaji, saboda haka duk wanda ya nemi ka biya, ka san da wa kake magana. Ka tuntuɓi ƙungiyar da kanka ta adireshinta na hukuma. Wakili kuma ka nemi ganin lasisinsa, ka karanta yarjejeniyar da ke tsakaninku, wadda bai kamata ta wuce shekara biyu ba.

Wasu ƙa'idoji kaɗan sun cancanci ka haddace su. Ba a sauya wa ɗan ƙasa da shekara 18 ƙungiya zuwa wata ƙasa, sai a wasu keɓaɓɓun yanayi. Kwantiragi ba ya wuce shekara biyar, na ɗan ƙasa da 18 kuma uku. A kaka ɗaya za a iya yi maka rajista da ƙungiya uku, amma biyu kawai za ka buga wa wasan gasa, don haka sauyi barkatai na iya zaunar da kai wata da watanni. Idan saura wata shida kwantiraginka ya ƙare, kana da 'yancin ƙulla yarjejeniya da wata ƙungiya. Idan kuma aka riƙe maka albashin wata biyu, ka rubuta musu takarda ka ba su kwana 15. Ba su biya ba, doka ta ba ka damar raba gari da su. Kada ka tattara kayanka ka tafi ba tare da wannan takarda ba, domin sai laifin ya dawo kanka.

Ka tabbata kowace ƙungiya da ka buga wa tun kana shekara 12 ta yi maka rajista da sunanka na gaskiya da ranar haihuwarka ta gaskiya. Da wannan tarihi ake lissafin kashi biyar cikin ɗari na kuɗin sayenka da ake raba wa ƙungiyoyin da suka raine ka idan aka sayar da kai zuwa wata ƙasa, kuma giɓi ko saɓani a cikinsa na iya tsayar da ciniki ana dab da rufe kasuwa. Kwafin duk abin da ka sa wa hannu ya kasance a wajenka, ba a jakar wakili kaɗai ba. Bidiyon da za ka tura wa ƙungiya kuma, ka haɗa da cikakken wasa ɗaya ko biyu bayan gajeren na ƙwallaye, har da wasan da ba ka ci ba, domin mai duba ka yana son ya ga abin da kake yi a sauran mintocin.